Yadda Ake Ziyartar Babbar Ganuwar Sin: Daga Neman Biza Zuwa Saukowa Daga Hasumiya

Wanda ya sauka Beijing ya ce da direba "kai ni ganuwa" bai faɗi inda za shi ba tukuna. Ganuwar Sin ba wuri ɗaya ba ce. Awon da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta bayyana a 2012 ya nuna cewa in aka haɗa duk rassanta, tsawonta ya kai kilomita 21,196, kuma dauloli daban-daban ne suka yi ta ginawa cikin fiye da shekara 2,000. Sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe kan ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya sa aka jona tsofaffin ganuwoyin arewa, amma yawancin nasa aikin ya zama tudun ƙasa. Wadda ake gani a hoto, mai tubali da hasumiyoyi tana bin ƙololuwar duwatsu, ta daular Ming ce, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, kuma ita kaɗai tsawonta ya kai kusan kilomita 8,850. Saboda haka abu uku ne ke yanke hukuncin ko za ka ji daɗin ziyarar ko za ka dawo da ciwon ƙafa da takaici: ɓangaren da ka zaɓa, ranar da ka je, da lokacin da ka isa ƙofa. Sauran duk shiri ne na biye.

Takardu da waya, tun kana gida

Ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar mai fasfo na gama-gari sai da biza yake shiga Sin. Ta yawon buɗe ido ita ce mai harafin L, ta kasuwanci mai harafin M. Wanda ya je sari Guangzhou ko Yiwu da bizar kasuwanci ba abin da zai hana shi ware kwana biyu ya leƙa Beijing: awa 3 ne a jirgin sama daga Guangzhou, ko kimanin awa 8 a jirgin ƙasa mai sauri. Ana cike fom ɗin biza ta intanet, sannan a kai fasfo cibiyar karɓar takardun biza da ke Abuja ko Legas. 'Yan Nijar kuma ofishin jakadancin Sin da ke Yamai. Fasfon ya kasance da saura aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, da shafukan da ba a buga komai a kai ba. Ka haɗa da shaidar tikitin zuwa da dawowa, da ta otal, da katin rigakafin shawara. Otal ɗin da ka sauka shi zai yi maka rajista da 'yan sanda. In gidan ɗan'uwa ko aboki ka sauka, doka ta ce ka yi rajistar da kanka cikin awa 24.

Waya ta fi jakar kaya muhimmanci a wannan tafiya. WhatsApp da Facebook da duk kayan Google ba sa buɗewa a layukan cikin Sin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe wa layinka na gida damar aiki a ƙasar waje, ko ka sayi layin eSIM na matafiya kafin ka tashi. Tun kana gida ka sauke Alipay da WeChat, ka jona su da katin Visa ko Mastercard da ke aiki a waje, domin can har mai sayar da ruwa da waya ake biyansa. Ka gwada katin da wuri, don katunan naira da yawa suna da ƙa'idar abin da za a iya kashewa a waje, kuma bakin ƙofar tikiti ba wurin gano hakan ba ne. Duk da haka ka riƙe kuɗi a hannu, kamar yuan 300 zuwa 500, da canjin 'yan 10 da 20. Sai manhajar taswira ta Amap, da DiDi ta kiran mota, da manhajar fassara wadda aka sauke mata Sinanci don ta yi aiki ko ba intanet. Ka ajiye hoton waɗannan kalmomi a wayarka: 长城, ana furta shi Changcheng, ma'ana ganuwa, da 清真, ana furta shi qingzhen, ma'ana halal.

Soket ɗinsu ba irin namu mai ƙafa uku masu kusurwa ba ne, don haka ka tafi da adafta. In za ka hau jirgin sama na cikin gida, tun tsakiyar 2025 ana ƙwace duk fawa-bankin da ba shi da tambarin CCC a jikinsa. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa 7. Kada ka sa hawan ganuwa washegarin saukarka, ka ba jiki kwana ɗaya ya daidaita.

Wane ɓangare

Badaling shi ne sananne, kilomita 70 da 'yan kai arewa maso yammacin Beijing. Shi aka fara gyarawa aka buɗe wa baƙi a 1957, nan ake kai shugabannin ƙasashe, kuma nan ne ya fi sauƙin zuwa. Bangon ya kai kusan mita 8 a tsaye, samansa kuma yana da faɗin da dawaki 5 za su jera. Akwai ƙarfen riƙewa a gefe, akwai motar igiya mai ɗaukar mutane sama. Aibinsa cunkoso: a 2019 an ƙayyade mutum 65,000 a rana, wanda hakan ya isa ya nuna maka yadda wurin ke cika. In da dattijo a tare da kai, ko lokacinka rabin yini ne, Badaling ya dace. Da ka hau za ka ga hanya ta rabu biyu, arewa da kudu. Yawancin jama'a arewa suke nufa, zuwa hasumiya ta 8 wadda ta fi tsayi; ka bi kudu in kana son sarari.

Mutianyu, a gundumar Huairou, nisansa kusan ɗaya da na Badaling amma ta arewa maso gabas. Ga wanda zuwansa na farko ke nan kuma yana da yini guda, wannan ne zaɓin da ya fi. An gyara shi da kyau, daji ya kewaye shi, jama'a ba su kai na Badaling ba, kuma hasumiyoyi 20 da aka buɗe suna ba ka damar zaɓar tafiya daidai ƙarfinka. A kansa za a tsawaita bayani nan gaba.

Jinshanling ya fi nisa, kimanin kilomita 130, ya shiga lardin Hebei. Tsawonsa kilomita 10.5 ne da hasumiyoyi 67, wani wajen an gyara, wani wajen an bar shi yadda zamani ya ci shi. Mai son hoto da doguwar tafiya nan ya kamata ya nufa, amma sai ya ba shi yini cur. Simatai, kusa da shi, ana hawa wani ɓangarensa da dare cikin fitilu. Juyongguan ya fi kowanne kusa da birni, matakalarsa a miƙe take ƙwarai, kuma a tsakiyarsa akwai wani dandamalin farin dutse na wajen 1345 da aka sassaƙa wa rubutu iri 6. Jiankou kuwa, wanda hotunansa ke ruɗar matasa, ba a buɗe shi ga masu yawon buɗe ido ba. Tubalinsa na zamewa, an sha samun faɗuwa da rasa rai a can. Baƙo ba shi da abin yi a wurin.

Rana da lokaci

Watanni mafi kyau su ne Afrilu da Mayu, sai Satumba da Oktoba. Daga tsakiyar Oktoba ganyaye ke rikiɗewa su koma ja da rawaya, sama ta washe, a hango ganuwar tana bin tsaunuka har inda ido ya tsaya. Maris da farkon Afrilu akan sami guguwar ƙura daga hamadar arewa, mai kama da buji. Yuli da Agusta ga zafi mai gumi, ga hutun makaranta, ga ruwan sama da tsawa. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne: ganuwar a kan ƙololuwar dutse take, kuma tsawa ta sha faɗa wa mutane a kanta. Da ka ji cida ka sauka, kada ka tsaya ɗaukar hoto da lema a hannu. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ya wuce duk wani hunturu da ka sani, ruwa na daskarewa, iskar kan dutse na yankan kunne. Wurin ba kowa a lokacin, kuma in dusar ƙanƙara ta zuba yana da kyan gani, amma matakala na santsi.

Ranakun da za ka guje wa ko ta halin ƙaƙa su ne 1 zuwa 7 ga Oktoba, hutun ranar ƙasa. Kwanakin farko na Mayu, hutun ma'aikata. Da makon sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa, wadda ke faɗowa ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. A irin waɗannan ranaku ba kai ke tafiya ba, taro ke tura ka. Talata zuwa Alhamis sun fi Asabar da Lahadi nesa ba kusa ba. Ka yi ƙoƙari ƙarfe 8 ta yi maka a bakin ƙofa, wato ka bar otal wajen 6 zuwa 6:30. Manyan motocin 'yan rukuni suna fara sauke mutane daga ƙarfe 10, kuma awa biyun nan da ka riga su ita ce ribar sammakonka.

Tikiti da hanya

Tikiti da sunanka da lambar fasfonka ake sayar da shi, kuma fasfon na ainihi za ka nuna a ƙofa, ba hotonsa ba. Na Badaling ka saya ta intanet kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ta shafinsu na WeChat ko ta Trip.com. A 'yan shekarun nan kuɗin shiga Badaling da Mutianyu wajen yuan 40 ne, motar igiya yuan 100 hawa kaɗai, 140 hawa da sauka. Wato abin hawan ya fi shigar tsada, ka sa shi a lissafi.

Zuwa Badaling, jirgin ƙasa mai sauri na layin Beijing zuwa Zhangjiakou, wanda aka buɗe a ƙarshen 2019, shi ya fi. Ana hawa a tashar Beijing ta Arewa ko tashar Qinghe, tafiyar minti 20 zuwa 35 ce. Tashar Badaling ɗin kanta abin kallo ce, don mita 102 take a ƙarƙashin ƙasa. Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin tafiya, ta manhajar 12306 ko Trip.com, kuma na safe yana ƙarewa da wuri. Ka sayi na dawowa tare da na zuwa. A tasha ka nemi layin da ma'aikaci ke duba fasfo da hannu, ka isa da saura rabin awa saboda binciken kaya. Mai son araha ya hau bas mai lamba 877, wanda ke tashi daga safe zuwa tsakar rana.

A nan ne ake damfarar baƙi. A kewayen unguwannin Deshengmen da Qianmen na cikin Beijing akwai masu tare mutane, wasu har da riga mai kama da ta ma'aikata, su ce bas ya daina tashi yau, ko su miƙa maka takardar yawon yini a farashin da bai kai kuɗin shiga ba. Araha ba ta ado. Irin wannan mota sai ta zaga da kai shagon duwatsun ado da na maganin gargajiya, inda mai rakiya ke samun kamasho, sannan ta ba ka awa ɗaya a wani ƙaramin ɓangaren da ba shi ka nema ba. Ka wuce su, ka shiga layin da bas na gwamnati ke lodi. In za ka bi kamfanin yawon buɗe ido, ka tabbatar an rubuta sunan ɓangaren, da awa nawa za a yi a kan ganuwa, da cewa ba tsayawa a shago.

Mutianyu ba jirgin ƙasa mai kai ka bakin ƙofa. Hanyar araha ita ce bas 916 mai sauri daga tashar Dongzhimen zuwa garin Huairou, sannan a canza ƙaramin bas ko tasi. Duka ya kan ci awa 2 zuwa 2 da rabi. Akwai kuma manyan motocin baƙi da ke tafiya kai tsaye daga tsakiyar birni. In kun kai mutum 3 ko 4, ku yi shatar mota ta yini, tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Ku gama ciniki kafin a tashi: kuɗin ya haɗa da na babbar hanya da na jira, an tsayar da lokacin dawowa, ka ɗauki hoton lambar motar da wurin da ta tsaya. Zuwa da DiDi abu ne mai sauƙi, samun ta dawowa da yamma ne aiki.

Abin da za ka saka da abin da za ka ɗauka

Takalmi shi ne kan gaba: kambas mai ƙasan roba mai kama ƙasa, wanda ƙafarka ta saba da shi. Silifa da takalmin fata mai santsi da sabon takalmi duk suna jawo matsala. Doguwar riga da babban zane da abaya mai jan ƙasa suna harɗe ƙafa a matakala. In da su za a hau, a sa wando a ciki, a kuma tattare gefen da hannu ɗaya a bar ɗayan don riƙe bango. Mai son hoto da babbar riga ya naɗe ta a jaka, ya saka in ya kai hasumiya. A watannin sanyi ka jera kaya hawa-hawa maimakon rigar sanyi ɗaya mai kauri, saboda hawa zai sa ka gumi, tsayawa kuma ya sa ka rawar ɗari. Ka haɗa da safar hannu da hular da ke rufe kunne.

Ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, lita 2 in lokacin zafi ne, kuma ka saya tun a birni don a sama kuɗinsa ninki ne. Ka yi guzurin dabino, gyaɗa, burodi, dafaffen ƙwai da ayaba. Naman da ake gasawa a tsinke a bakin hanya, musamman mai kama da tsiran-hanji, yawanci na alade ne, ka bar shi sai ka ga alamar 清真. Abinci na sosai ka bari sai ka koma birni: unguwar Niujie cike take da gidajen abincin Musulmin ƙabilar Hui, kuma nan ne masallacin da ya fi kowanne tsufa a Beijing yake, wanda aka kafa a shekara ta 996. Shagunan taliyar naman sa irin ta Lanzhou, masu alamar halal, suna ko'ina.

Banɗaki a ƙasa yake, wajen ƙofa da tashar motar igiya. A kan ganuwar da wuya ka samu. Yawancinsu na tsuguno ne, ba buta ba takarda, don haka ka riƙe gorar ruwa ta daban da tishu. Ka yi alwala a ƙasa kafin ka hau, ka ɗauki 'yar sallaya mai naɗewa. Ka tuna alƙibla daga Beijing yamma take, ta ɗan karkata arewa kaɗan, ba gabas ba kamar yadda jiki ya saba. Ka nemi lungun da ba kan hanyar mutane ba. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa kada ma ka fito da shi, an hana.

Hawan Mutianyu daki-daki

Mota za ta ajiye ka a wajen sayar da tikiti, wanda ke nesa da gindin dutsen. Za ka ratsa wani titi mai shaguna, ka hau bas na cikin gida mai kuɗi kamar yuan 15 zuwa da dawowa, ya haura da kai. Daga inda ya sauke ka akwai hanyoyi uku. Motar igiya mai rufi tana kai ka hasumiya ta 14. Kujerar lilo, wadda ƙafa ke reto a cikinta, tana kai ka ta 6, kuma daga nan ne keken zamiya, wanda mutum ke zama a kai ya zame da shi zuwa ƙasa, ke gangarowa. Ta uku ƙafa ce, matakala ta cikin daji, minti 30 zuwa 40.

Ga wurin da mutane da yawa ke asarar kuɗi: motar igiya da kujerar lilo ba kamfani ɗaya ba ne, tikitin wannan ba ya aiki a wancan. In ka sayi hawa da sauka na motar igiya, dole ka dawo ta 14. In kana son hawa ta 14 ka sauko da keken zamiya ta 6, to tikiti biyu za ka saya, kowanne na tafiya ɗaya. Ka yanke shawara kafin ka isa taga.

Tsari mafi gamsarwa ga mai ƙoshin lafiya shi ne ya hau motar igiya zuwa ta 14, ya juya hagu ya nufi ta 20 tun da sauran ƙarfi, ya dawo, sannan ya gangara zuwa ta 6. Daga 14 zuwa 19 hawa da sauka ne mai daɗi. Tsakanin 19 da 20 akwai matakala fiye da 400 a miƙe kamar tsani, kuma nan ake gane wanda ya yi gaggawa. Ka hau 30 ko 40 ka tsaya ka numfasa, tafiya sannu-sannu kwana nesa. Daga can sama in ka waiwaya za ka ga duk inda ka biyo a shimfiɗe. Bayan ta 20 an toshe hanya, kada ka tsallaka. Zuwa da dawowa ya kan ci awa ɗaya da rabi zuwa 2, daga 14 zuwa 6 kuma kimanin awa ɗaya, yawanci gangara. Mai tafe da yara ko dattijo ya bar ta 20, ya tsaya tsakanin 14 da 6, ba abin da ya rasa na kyan wurin.

Kada gaggawar hoto ta hana ka duba abin da ke gabanka. Matakalar ba daidai take ba: wata tsayinta ɗan yatsa, ta gaba da ita ta kai gwiwa, saboda bin yanayin dutsen aka yi. Ka dubi farin layin da ke tsakanin tubali da tubali. Magina na zamanin Ming sukan gauraya farar ƙasa da kunun shinkafa mai danƙo, shi ya sa a wurare da dama tubalin ya zaizaye amma abin da ya liƙe shi yana nan daram. Gefen bangon yana da haƙora-haƙora inda maharbi ke laɓewa, da 'yan kafofi a ƙasa na leƙe da harbi. A yawancin ɓangarori gefen da ke fuskantar abokan gaba kaɗai ke da haƙoran, amma a Mutianyu duka gefe biyu ne. A ƙasa za ka ga kwatar da ke tara ruwan sama, da indararo na dutse mai zubar da shi nesa da gindin bango.

Ka shiga cikin hasumiya ka tsaya minti biyar. Ɗaki ne mai bakan gizo na tubali, da tagogi a kowane gefe, iska na ratsawa da sanyi ko da rana ta take. A nan sojoji ke kwana, su ajiye hatsi da albarushi. Janar Qi Jiguang ne ya kawo wannan salon hasumiya mai ɗaki a ciki, daga 1569, bayan da mahayan Altan Khan, shugaban Mongol, suka ɓalle ta mashigar Gubeikou a 1550 suka iso har bakin Beijing. Ganuwar ba tare hanya kaɗai take yi ba, hanyar isar da saƙo ce: hayaƙi da rana, wuta da dare, da ƙarar bindiga. A ƙa'idar Ming, hayaƙi ɗaya da harbi ɗaya na nufin abokan gaba sun kai 100, biyu 500, uku sun haura 1,000. In ƙafarka na da saura, ka wuce ta 6 zuwa ta 4, wadda ake kira Zhengguantai, inda hasumiyoyi uku suka jeru a haɗe, abin da ba kasafai ake gani ba.

Za ka ga inda wasu suka ƙwarzane sunayensu a tubali. Kada ka bi sahu. Tun 2006 akwai dokar kare ganuwar da ta hana rubutu a jiki da cire tubali, ana cin tara, a Badaling har a sa mutum cikin jerin waɗanda ba za a sake sayar wa tikiti ba. Wurin yana cikin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1987, kuma tubalin da ya shekara 450 ba ya dawowa in an lalata shi. Wani abin da baƙar fata zai ci karo da shi shi ne kallo da roƙon a yi hoto tare, musamman daga mutanen karkara da ba su saba ganin baƙi ba. Yawanci sha'awa ce kawai. In ba ka so, ɗaga hannu da murmushi ya wadatar.

Saukowa

Yawancin faɗuwa a gangara ake yin ta, ba a hawa ba, saboda cinya ta gaji, gwiwa na rawa, ido kuma yana kan waya. A wuri mai tsayi ka juya gefe, ka sauke ƙafa ɗaya-ɗaya, hannu a bango. Inda ba matakala sai shimfiɗaɗɗen tubali mai gangara, ka gajarta taku, kada ka yarda gudu ya ɗauke ka. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko asma, ya riƙe maganinsa a aljihu, ya bi motar igiya zuwa da dawowa. In wani abu ya faru, 120 ce lambar motar asibiti, 110 ta 'yan sanda, kuma lambar hasumiyar da kake kusa da ita ita ce adireshinka.

Keken zamiya yana bin wata kwata ta ƙarfe mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi. Sanda ɗaya ce a tsakanin ƙafafunka: ka tura gaba ya tafi, ka ja baya ya ci birki. Ka bar tazara tsakaninka da na gaba, kada ka tsaya cak a tsakiyar hanya, ka soke gyale da bakin riga don kada su shiga ƙarƙashin taya. Ana rufe shi in an yi ruwa ko dusar ƙanƙara, kuma akan hana tsofaffi hawa, sai su sauko da kujerar lilo. Tun da safe ka tambayi lokacin da abin hawa na ƙarshe ke sauka, wanda yawanci wajen ƙarfe 5 ne, ya fi haka wuri a lokacin sanyi. Wanda ya makara da ƙafa zai sauko, wataƙila cikin duhu. A shagunan ƙasa farashin farko ba shi ne farashi ba, ka taya ƙasa da rabi.

Mai sauran kwanaki yana iya ganin ƙarshen ganuwar Ming guda biyu. A gabas akwai Shanhaiguan, wanda aka gina a 1381, awa 2 zuwa 3 a jirgin ƙasa daga Beijing, inda bango ya kutsa cikin tekun Bohai. Ta wannan ƙofa ce Janar Wu Sangui ya buɗe wa mayaƙan ƙabilar Manchu hanya a 1644. A yamma mai nisa, cikin lardin Gansu, akwai Jiayuguan na 1372, a bakin hamadar Gobi. Can yawancin ganuwar ba tubali ba ce, ƙasa ce aka daddaɓe hawa-hawa, kuma duk wanda ya san badalar Kano zai ga kamar ya san ta. Zuwa can ya fi sauƙi ta jirgin sama, ko ta jirgin ƙasa mai sauri daga Lanzhou, kuma ka ware masa aƙalla kwana 2.